Marie Louise: amaryar sulhu da ta ƙare a sarautar aro

Ranar 11 ga Maris 1810 aka ɗaura wani aure a cocin da ke jikin fadar Biyana, babban birnin Ostiriya, ango kuwa bai zo ba. Rashin zuwan nasa ba wani abu ba ne, gidajen sarautar Turai sun saba ɗaura aure ta hannun wakili. Abin kallon shi ne wanda ya tsaya wakilin ango: Yarima Charles, ƙanen mahaifin amarya, janar ɗin da wata 10 kacal kafin ranar ya kara da angon a filin daga na Aspern, ya kuma ba shi kashin da bai saba sha ba. Angon shi ne Napoliyon, sarkin sarakunan Faransa, mai shekara 40. Amaryar ita ce Marie Louise, 'yar Sarki Francis na Ostiriya, shekararta 18. Ba ta taɓa sa shi a ido ba, amma ta taso tana jin sunansa a gidansu kamar yadda yara ke jin sunan dodo.

Shekara 4 ta yi a Faransa. Shekara 31 ta yi tana sarautar Parma, wata 'yar ƙaramar ƙasa a arewacin Italiya. Duk da haka waɗancan shekaru 4 su suka zame mata suna. Marubutan Faransa da dama sun ɗauke ta mace marar amana, wadda ta guje wa miji ran da duniya ta juya masa baya. Mutanen Parma kuwa har gobe "la buona duchessa" suke ce mata, wato sarauniya ta gari. A ganina Faransawa na bin ta bashin da ba ita ta ci ba, yabon Parma kuma akwai rabon wasu a cikinsa. In ana neman inda za a kama ta da laifi, wani wuri ne daban, zan zo kansa.

An haife ta ranar 12 ga Disamba 1791. Ba ta cika shekara 2 ba 'yan juyin juya halin Faransa suka fille kan sarauniyarsu Marie Antoinette a Paris, wadda ƙanwar kakanta ce na wajen uba, kuma ƙanwar kakarta ta wajen uwa, don iyayen Marie Louise auren zumunci suka yi. Tana shekara 13, a 1805, sojojin Napoliyon suka shiga Biyana, 'yan gidan sarauta suka kwashi kaya suka gudu. A 1806 mahaifinta ya ajiye rawanin Daular Rum Mai Tsarki, sarautar da gidansu na Habsburg ya riƙe ɗaruruwan shekaru. A 1809 aka sake: an ci su a Wagram, Napoliyon ya sauka a fadar Schönbrunn, gidan da ta yi wasan ƙuruciya a cikinsa, su kuma suna gudun hijira a Hungari. Da labari ya bazu cewa Napoliyon ya rabu da matarsa Josephine yana neman wata, Marie Louise ta rubuta wa ƙawarta cewa tana tausayin duk gimbiyar da zai zaɓa. Ba a daɗe ba ta sake rubutawa cewa in maslahar ƙasa ta buƙaci ta sadaukar da jin daɗinta, a shirye take.

Lissafin manya kuwa a fili yake. Napoliyon yana son magaji, Josephine ba ta haifa masa ba, yana kuma son magajin ya fito daga tsohon gidan sarauta don a daina yi masa kallon sojan da ya naɗa wa kansa rawani. Ya fara neman ƙanwar Sarki Alexander na Rasha, Rashawa suka yi ta ja masa rai. Metternich, wanda bai daɗe da zama ministan harkokin wajen Ostiriya ba, ya ga ƙofa. Ƙasarsa ta rasa yankuna, baitulmali ya bushe, soja ya karye. Abin da take bukata shi ne 'yan shekaru ta numfasa, ta kuma hana Faransa da Rasha zama surukai. Yarinyar ita ce kuɗin sayen wannan lokaci. Har yawan haihuwar gidansu an duba: mahaifiyarta ta haifi 12.

Yadda aka miƙa ta ma ya isa bayani. A Braunau, kan iyaka, aka kafa wani ginin katako mai ɗaki 3: ɗaya na Ostiriya, ɗaya na Faransa, na tsakiya ba na kowa ba. Ta shiga ta ƙofar Ostiriya da 'yan rakiyarta, aka karanta takardu a ɗakin tsakiya, ta fita ta ƙofar Faransa, aka sauya mata sutura daga sama har ƙasa. Tsarin da aka bi da Marie Antoinette ke nan a 1770, da gangan kuma Napoliyon ya sa aka kwaikwaya. Caroline, ƙanwar ango, ita ta karɓe ta, ba a yi nisa ba ta sa aka mayar da dattijuwar da ke kula da amarya gida, har da ɗan karenta. Ango kuwa ya kasa haƙuri. Ranar 27 ga Maris ya tari ayarin a hanya cikin ruwan sama, ya faɗa cikin keken dokinta, ya wuce da ita Compiègne tun kafin bikin da aka shirya ranakun 1 da 2 ga Afrilu.

Abin da masu zarginta da masu kare ta duk ba su cika son faɗa ba shi ne auren ya yi daɗi. Dodon ya zama miji mai lallashi, ita ma ta riƙa rubuta wa mahaifinta cewa ba haka mutumin yake ba yadda ake faɗa. Jama'ar Paris dai ba su sake da ita ba. Tana da kunya, ba ta iya fara'ar Josephine ba, sai aka fassara shirunta da girman kai, ga kuma tunanin waccan 'yar Ostiriya da suka kashe. Ranar 20 ga Maris 1811 ta haihu bayan naƙuda mai wuya, har likita ya tambayi Napoliyon wa za a ceta in abin ya ƙi, ya ce uwar. An sanar tun farko cewa in mace ce za a harba igwa sau 21, in namiji ne sau 101. Mutane suka tsaya a tituna suna ƙirgawa, da aka ji ta 22 gari ya ɗauki sowa. Tun yana cikin zanen goyo aka naɗa jaririn Sarkin Rum.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Yaƙin Rasha na 1812 ya cinye rundunar Napoliyon. A watan Agusta 1813 Ostiriya ta shiga taron dangin da ake yi masa, wato uba ya ɗaura yaƙi da mijin 'yarsa, lokacin da Metternich ya saya ya gama amfaninsa. Sau 2 Napoliyon ya bar mata riƙon ƙwarya in zai fita daga, amma riƙon na sa hannu ne, shawara tana wurin majalisa da wasiƙunsa. A ƙarshen Janairu 1814 ya yi sallama da ita da ɗansu, bai sake ganin ko ɗayansu ba.

A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, don a nan zargin ya samo asali. Ranar 28 ga Maris 1814, abokan gaba na dab da Paris, majalisar riƙon ƙwarya ta zauna. Mafi yawan 'yan majalisa suka ce ta zauna, don kasancewar 'yar Sarkin Ostiriya a cikin birnin kariya ce ga gadon ɗanta. Ita ma ta karkata ga zama. Sai Joseph, wan Napoliyon, ya fito da wasiƙar ɗan'uwansa mai umarnin kada a bari matarsa da ɗansa su faɗa hannun abokan gaba. A wata wasiƙar ma Napoliyon ya rubuta cewa gara a kashe yaron da a rene shi a Biyana a matsayin yariman Ostiriya. Washegari ta fita zuwa Rambouillet, daga can Blois. Ranar 31 ga wata dakarun ƙawance suka shiga Paris, Talleyrand, tsohon ministan harkokin wajen Napoliyon, da ya san yadda ya yi ya maƙale a birnin ya shirya dawowar gidan Bourbon, tsohon gidan sarautar Faransa. Barinta Paris, wanda shi ya kashe damar ɗanta, biyayya ce ga umarnin miji.

Makonnin da suka biyo baya gaba kura ne baya siyaki. Ta rubuta wa Napoliyon tana son zuwa wurinsa a Fontainebleau. Shi kuma ya yi ta jan ƙafa, yana ganin in ta gana da mahaifinta za ta samo musu sassauci. Ta gana da uban a Rambouillet a tsakiyar Afrilu, aka ce ta zo gida ta huta tukuna. Tun da ta shiga hannun danginta magana ta ƙare. Yarinya ce 'yar shekara 22 da aka tarbiyyantar kan abu guda, bin umarnin uba, da wannan tarbiyyar aka kai ta Faransa, da ita kuma aka dawo da ita. Masu cewa ta ci amana suna so ne biyayyar da ta kai ta ɗakin Napoliyon ta daina aiki daidai ranar da ta daina yi wa Napoliyon amfani. An ruwaito cewa kakarta, Maria Carolina ta Naples, wadda ta tsani Napoliyon kamar mutuwarta, ta ce da ita ce da ta ƙulla zannuwan gado ta dira ta taga ta bi mijinta. Wataƙila da ta yi. Amma jikar ba irin kakar ba ce.

Da bazara ta tafi wankan ruwan zafi a Aix, fadar Biyana ta haɗa ta da mai rakiya: Adam Albert von Neipperg, janar mai shekara kusan 40, wanda ya rasa idon dama a yaƙi da Faransawa yana ɗaure shi da baƙin ƙyalle, ga iya zance, ga iya kiɗa. Aikin da aka ba shi shi ne ya hana ta zuwa tsibirin Elba inda aka kai Napoliyon bayan ya sauka daga mulki. Ya yi aikin har ya zarce. Kafin su gama zagayen Suwizalan a watan Satumba soyayya ta ƙullu. A watan nan ne kuma Marie Walewska, farkar Napoliyon 'yar Poland, ta kai masa ziyara Elba da ɗan da ta haifa masa, abin da masu kukan amana ba su cika tunawa ba. Da Napoliyon ya tsere ya koma mulki a Maris 1815 ya yi ta aike ta dawo, ba ta amsa ba. Kayen da ya sha a yaƙin Waterloo ya rufe babin.

To, mece ce Parma, me kuma aka ba ta? Yarjejeniyar Fontainebleau ta 11 ga Afrilu 1814 ta ba ta Parma da Piacenza da Guastalla, ƙasar da mutanenta ba su wuce rabin miliyan ba, da sharaɗin ɗanta zai gaje ta. Taron manyan ƙasashen Turai a Biyana a 1815 ya tabbatar mata da ƙasar amma ya yi shiru kan gado. A 1817 manyan ƙasashe suka yanke: nata ne iya rayuwarta, in ta mutu ya koma wa reshen gidan Bourbon da ke mulkinsa a da, waɗanda aka ajiye a Lucca suna jira. Ostiriya kuma ta sami izinin girke soja a Piacenza. Ba wanda ke son ɗan Napoliyon ya sami ko taƙi ɗaya a Italiya. Don haka da ta shiga Parma ranar 20 ga Afrilu 1816, ita da Neipperg ta shiga, yaron ɗan shekara 5 yana Biyana wurin kakansa. Sarauta ce ta aro, mai ranar mayarwa, masu kayan kuma suna zaune suna ƙirga mata shekaru.

Ta iso a mugun lokaci. Shekarar 1816 damina ta lalace a Turai, yunwa ta shigo, annobar zazzaɓi ta biyo baya a 1817. Abin da gwamnatinta ta yi a shekaru 13 na farko shi ne jarin sunanta har yau. Kogin Taro, wanda kan yanke babbar hanyar Emilia duk lokacin da ya cika, aka yi masa gada mai tsawon fiye da rabin kilomita, aikin injiniya Antonio Cocconcelli, aka yi wa kogin Trebbia tasa. Aka buɗe maƙabartar Villetta a bayan gari, aka kafa gidan haihuwa. Ɗakin karatu na Palatina ya sami tarin rubuce-rubucen Ibrananci na malami De Rossi da ta saya. A 1820 aka fitar da kundin dokokin aure da gado da ciniki, wanda ya riƙe abubuwa da yawa daga dokokin Faransa, tunda ƙasar ta zauna ƙarƙashin Faransa kafin zuwanta. A lokacin da wasu sarakunan Italiya ke share duk abin da ke da ƙanshin Napoliyon, a ƙasar matar da ta bar shi dokarsa ta sami wurin fakewa. Sai babban gidan wasan waƙe da aka fara a 1821 aka buɗe a Mayu 1829, wanda yau ake kira Teatro Regio. Giuseppe Verdi, ɗan ƙauyen Roncole, talakanta ne, ya kuma sadaukar mata da ɗaya daga ayyukansa a 1843.

Nawa ne nata a ciki, nawa ne na Neipperg? Gaskiya harkar yau da kullum, soja da hulɗa da waje da takardu, a hannunsa suke, shi kuma yana jin maganar Metternich. Sai dai mutum ne mai sassauci, ya iya tare wa Parma matsin Biyana. Ita kuwa nata shi ne zaɓin inda kuɗi za su tafi, da ƙin jini. Lokacin da aka kama 'yan ƙungiyar asiri ta Carbonari a farkon shekarun 1820, maƙwabcinta Francis na 4 na Modena ya sa aka kashe wani limamin coci, Giuseppe Andreoli, a 1822. A Parma an yi shari'a, an yi ɗauri, amma an sassauta hukunci. Ana kuma tuna cewa da kwalara ta tunkaro, ta sa aka narkar da kayan kwalliyar azurfa da birnin Paris ya ba ta kyautar aure, aka sa kuɗin a taimakon marasa lafiya.

A bayan labule akwai wani gida. Ta haifa wa Neipperg 'ya, Albertine, a 1817, da ɗa, Wilhelm, a 1819, alhali Napoliyon na raye a tsibirin Saint Helena, aurensu kuma bai mutu ba. Aka ɓoye yaran, aka rene su a wani gida kusa da fada, aka ba su sunan Montenuovo, wanda juya sunan uban ne zuwa Italiyanci. Napoliyon ya mutu ranar 5 ga Mayu 1821, ya bar wasiyya a kai mata zuciyarsa Parma, Ingilishi masu tsaronsa suka hana. Bayan 'yan watanni ta auri Neipperg a asirce, irin auren da gidajen sarautar Turai ke yi in ɗaya bai kai ɗaya daraja ba: aure halal ne, amma mijin da 'ya'yan ba su da rabo a sarauta.

Mutuwar Neipperg a Fabrairu 1829 ita ta nuna inda ginshiƙin yake. Wanda ya karɓi ragama, Josef von Werklein, ba a daɗe ba jama'a suka tsane shi. A Fabrairu 1831 guguwar tawaye da ta taso daga Modena da Bologna ta iso Parma. Masu zanga-zanga suna neman tsarin mulki, suna neman kan Werklein, amma ita ba su so ta tafi ba, har tare ta suka yi. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, haka suka ɗauka. Ta sulale zuwa Piacenza inda sojan Ostiriya suke, ta ƙi amincewa da gwamnatin wucin gadi, sojojin mahaifinta suka murƙushe tawayen cikin makonni. A Modena aka rataye Ciro Menotti a watan Mayu. A Parma ba a rataye kowa ba, ta kuma yi afuwa ga mafi yawansu. Wannan abin yabo ne. Amma tsarin mulkin da aka nema ba ta bayar ba, ba ta ma da ikon bayarwa. Alherinta na uwar gida ne mai tausayi, wadda mabuɗin gidan ke aljihun wani.

Yanzu ga maganar da na ce zan zo kanta. Yaron da aka harba wa igwa 101 ya tashi a Schönbrunn, an kori masu renonsa Faransawa, an mayar da sunansa Franz, a 1818 aka ba shi sarautar Reichstadt, wani wuri a Bohemiya da bai taɓa mulka ba. Kakansa na ƙaunarsa, amma Metternich bai bar shi ya taka Faransa ko Parma ba. Abin da Napoliyon ya ce gara mutuwa da shi, shi ya faru. Cewa an hana ta tafiya da shi gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya hana ta zuwa ganinsa, ita kuwa takan yi shekara 2, wani lokaci 3, ba ta leƙa ba, a daidai shekarun da take haihuwar wasu 'ya'yan a ɓoye. Sai bayan mutuwar Neipperg ya san yana da ƙanne, ya kuma iya lissafin shekarunsu da ranar mutuwar mahaifinsa. An ruwaito ya ce mahaifiyarsa mai kirki ce amma mai rauni. Da tarin fuka ya kwantar da shi a 1832, ta yi ta jinkiri, ba ta iso ba sai saura kamar wata 1. Tana gefen gadonsa ya cika ranar 22 ga Yuli, yana da shekara 21. Napoliyon babba ne da ya shiga ciniki idonsa biyu, ya san abin da ya saya. Yaron bai sa hannu a komai ba. A nan ba na iya kare ta, ban kuma ga uzurin biyayya ya kai nan ba.

Sauran shekarun ba su da armashi. Biyana ta aiko wani mai kula da fada, Charles-René de Bombelles, Bafaranshe mai tsananin riƙon addini da ke yi wa Ostiriya aiki, a Fabrairu 1834 ta aure shi, shi ma a asirce. Miji na 3 ke nan, kuma dukansu ta hannun fadar mahaifinta suka iso gare ta. Minista Vincenzo Mistrali ya gyara baitulmali, Bombelles ya tsuke bakin masu neman sauyi, ƙaunar da ake yi mata ta ɗan yi sanyi. Ta rasu ranar 17 ga Disamba 1847 tana da shekara 56, aka kai gawarta maƙabartar gidan Habsburg a Biyana. Masu jira suka zo suka karɓi kayansu. Wata 3 bayan haka juyin 1848 ya tashi ya kori sabon sarkin, ɗansa da ya gaje shi kuma aka daɓa masa wuƙa a titin Parma a 1854. Wani ɓangare na kyawun da ake gani a zamaninta daga munin na bayanta ya fito. A 1860 ƙasar ta narke cikin abin da ya zama Italiya.

Ɗanta na fari bai bar zuriya ba. A Disamba 1940 Hitler ya sa aka ɗauke gawarsa daga kusa da ta uwar aka kai Paris kusa da ta uban, zuciyarsa kuwa tana Biyana har yau. Zuriyar da ta ci gaba ita ce ta ɓoye. Jikanta Alfred Montenuovo ya zama babban mai kula da tsarin fadar Sarki Franz Joseph, ya kuma yi suna wajen ƙuntata wa Sophie, matar Yarima Franz Ferdinand mai jiran gadon Ostiriya, saboda jininta bai kai na mijinta ba. Da aka harbe su biyun a Sarajevo a 1914, shi ya tsara jana'izar. Aka ajiye akwatin gawar Sophie ƙasa da na mijinta, aka ɗora masa safar hannu da mafici, alamar hadimar fada.